Daga ina yara masu ƙirƙira suke samo dabara, kuma a ina aikinsu ke cijewa?

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Duk shekara idan gasar kimiyya ta zo, jirgin sama na kwali ko motar gwangwani ɗalibaina ke kawo mini. Ina jin labarin yara 'yan shekara 14 ko 15 da suka ƙirƙiro abubuwan da duniya ke amfani da su. Daga ina suka samo dabarar, yaya suka haɗa kayan, kuma me ɗalibaina za su ɗauka daga wurinsu?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Idan kika bi tarihin yaran nan ɗaya bayan ɗaya, za ki tarar kusan kowannensu akwai wata wahala da ta rataya a wuyansa kullum. Wani makaho ne mai son karatu, wani yana taya mahaifinsa lissafin haraji, wani shi ke tsaron shanun gidansu. Da yake wahalar a jikinsu take, sun san awonta daidai, sun san abin da aka riga aka gwada da inda ya gaza. Kayan da suka yi aiki da su kuwa yawanci tsofaffi ne, akwai su tun kafin a haife su. Matsalar jirgin kwali ita ce babu wanda ke jiransa, don haka babu ma'aunin da za a ce ya yi aiki ko bai yi ba.

A wurin Louis Braille ne maganar awo ta fi fitowa fili. An haife shi a 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Paris. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki, kuma a rumfar aikinsa yaron ya soki idonsa da basilla yana ɗan shekara 3. Ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya wuce shekara 5 ya makance. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Paris. Littattafan da ya tarar an buga su ne da haruffan masu gani, manya-manya, an turo su daga bayan takarda don a shafa. Sai yatsa ya bi lanƙwasar kowane harafi kafin ya gane shi, ga littafin da nauyi, ga tsada, kuma makaho ba shi da hanyar rubuta nasa. A 1821 aka shigo da tsarin wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier, wanda ke amfani da ɗigo har 12, an jera su a layi biyu na tsaye, shida-shida. Ɗigo ya fi lanƙwasa sauƙin ji a yatsa, wannan Barbier ya yi daidai. Inda ya kuskure shi ne tsayin. Ɗigo shida a tsaye sun fi faɗin kan yatsa, sai mai karatu ya riƙa hawa da sauka yana ƙirgawa. Mai gani ba zai lura da wannan ba, sai wanda ke karatu da hannu.

Braille ya rage ɗigon zuwa 6, uku a hagu uku a dama, yadda kan yatsa zai rufe harafi gaba ɗaya a taɓi guda. Ya kammala a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida suna ba da siffofi 63, kuma ya tsara su yadda hadda za ta yi sauƙi. Ana ƙirga na hagu 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa, na dama 4, 5, 6. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, ɗigo huɗu na sama kaɗai suke amfani da su. Goma na biye su ne dai na farkon, an ƙara musu ɗigo na 3, shi ya sa a ɗigo na 1 ne, k kuwa 1 da 3. Lambobi ma haruffa goma na farkon ne, an sa musu alamar lamba a gaba. A yau tazarar ɗigo da ɗigo kusan milimita 2.5 ce, tudunsa kusan rabin milimita. Ana rubutawa da allo mai ramuka da tsinken ƙarfe, kuma da yake daga bayan takarda ake hudawa, daga dama zuwa hagu ake tafiya kamar mai rubutun ajami, sai a juya takardar a karanta daga hagu. Shi ma Braille bai tsira daga gyara ba. A bugun 1829 ya haɗa ɗigo da gajerun layuka, aka ga layukan suna rikita yatsa, ya cire su a bugun 1837. Duk da haka sai da hukumar makarantar ta taɓa hana amfani da tsarin, kuma ba a amince da shi a hukumance a Faransa ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Wannan gwaji ne da ɗalibanki za su iya yi gobe da kwali da ƙusa: su huda ɗigo da tazarar milimita 2, 2.5 da 4, a rufe wa mutum goma ido, a rubuta wacce aka fi ganewa da sauri.

Blaise Pascal ya riga shi da kusan shekara 180. Mahaifinsa, Étienne Pascal, shi aka ɗora wa aikin haraji a birnin Rouen, lissafi ba dare ba rana, kuma kuɗin Faransa na lokacin ba goma-goma ake ƙirga shi ba. Dinye 12 ke yin sol 1, sol 20 ke yin liba 1. Dattawan da suka riski kuɗin Najeriya kafin zuwan naira a 1973 sun san wannan ciwon kai, domin kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. A 1642, yana tsakanin shekara 18 da 19, Pascal ya fara ƙera akwatin lissafi na tagulla mai fayafai masu haƙora. Faifan dinye yana da matakai 12, na sol 20, sauran goma-goma, ana juya su da tsinke. Tara lambobi a faifai ɗaya ba wuya. Wuyar tana wurin ɗaukar ɗaya zuwa gaba. Idan aka sarƙe fayafan kai tsaye, to ranar da za a ƙara 1 a kan 99,999 dole ɗan tsinken nan ya tura fayafai shida a lokaci guda, haƙoran su cije ko su karye. Pascal ya sa wani ɗan ƙarfe mai nauyi tsakanin kowane faifai da na kusa da shi. Yayin da faifai ke matsowa zuwa 9 yana ɗaga ƙarfen a hankali, da ya tsallaka zuwa 0 sai ƙarfen ya faɗo da nauyinsa ya tura faifan gaba mataki ɗaya. Kowane faifai ya riga ya tara ƙarfin da zai buƙata, ba ya jiran hannun mai lissafi.

Wannan dabara ta zo da nata tsadar. Dole akwatin ya zauna a shimfiɗe, tunda nauyi ke aiki. Fayafan ba sa juyawa baya, don haka ana yin ragi ne ta hanyar ƙara cikon lamba, wato abin da ya rage mata ta kai 9. Sai da ya yi samfuri kusan 50 kafin ya fito da shi a 1645, kuma maƙeran zamanin ba su saba yanka haƙora daidai wa daida ba. Injinan da aka ƙera ba su wuce 20 ba, 9 ne suka rage a yau. Ciniki bai yi ba, saboda ɗaukar akawu ya fi sayen akwatin araha. Ki riƙe wannan, domin har gobe shi ke kashe yawancin ƙirƙira: abu ya yi aiki, amma tsohuwar hanya ta fi shi sauƙin kuɗi.

Akwai kuma masu sauƙi ƙwarai. Chester Greenwood, ɗan shekara 15 a garin Farmington na jihar Maine a Amurka, sanyi ne ke cin kunnensa idan yana wasa a kan ƙanƙara. A 1873 ya lanƙwasa waya zobe biyu, kakarsa ta ɗinka musu fata mai gashi. Daga baya ya haɗa su da baƙin ƙarfe mai lanƙwasa da ke kama kai, ya sami takardar mallaka a 1877, ya buɗe masana'anta a garinsu. Babu wani kimiyya mai zurfi a ciki, amma akwai masu jiransa.

Wanda ya fi dacewa ɗalibanki su kwaikwaya da hannu shi ne Richard Turere, Bamasaye daga Kitengela a Kenya, inda makiyaya ke iyaka da gandun namun dajin Nairobi. Tun yana ɗan shekara 9 aka damƙa masa shanun gidansu, zakuna kuma na shigowa shinge da dare. Ki lura da jerin gwajinsa. Ya fara da hura wuta, sai ta zama ta haska wa zakin cikin garken. Ya kafa mutum-mutumi, daren farko ya yi aiki, dare na biyu zakin ya gane abin ba ya motsi. Sai ya lura cewa daren da ya zagaya shingen da tocila a hannu ba su zo ba. Ashe hasken da ke motsi suke tsoro, domin alamar mutum ne a farke. Daga nan ya haɗa tsohon batirin mota, farantin sola na caji, makunni, ƙwayayen fitila daga fasassun tocila, da ɗan akwatin nan da ke sa siginar babur ƙyaftawa, wanda masu gyara ke kira filasha. Ya ɗaure fitilun a jikin shinge suna kallon waje. Yana ɗan shekara 13 ya yi bayaninsa a taron TED na 2013, a 2023 kuma ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba shi kyautar matasa masu ƙirƙira.

Idan za a haɗa irinsa, a fara da lissafi kafin a sayi komai. A ce fitilun LED 8 ne, kowace wat 1, suna kunne rabin lokaci. Matsakaicin abin da suke ja wat 4 ke nan. Dare na awa 11 zai ci wat-awa 44. Batirin ruwa ba a so a zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba 'yan watanni zai mutu, don haka ana buƙatar mai ɗaukar wat-awa 88 aƙalla. A raba da bolt 12, an sami amfiya-awa 7 da ɗoriya. A sayi mai 12 saboda ranar hadari ko hazo. Wajen caji, a ɗauka rana mai ƙarfi awa 5 ce, a ƙara kashi 30 cikin 100 na asara, za a ga ana buƙatar wat 11 zuwa 13, to farantin wat 20 ya wadatar. Dole a sa na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir, a kuma sa fiyus na amfiya 2 ko 3 dab da kan batir mai alamar tarawa.

Ga inda aka fi faɗuwa. Tsohuwar filasha tana aiki ne da wani siririn ƙarfe da wuta ke ɗumamawa, ya lanƙwashe ya yanke layi, ya huce ya dawo. Ƙwan sigina na da yana jan wutar da za ta ɗumama shi, LED kuwa ba ta ja, sai fitilun su tsaya a kunne ba ƙyaftawa. Maganinsa a nemi filashar da aka yi don LED. Na biyu, siririyar waya mai tsawon mita 30 ko 40 tana shanye wuta a hanya, fitilar ƙarshe ta yi dishi-dishi, don haka a ajiye batir a tsakiya, waya ta fita hagu da dama. Na uku, shanu na tauna waya, raɓa da fitsari na cin mahaɗa, sai a bi da ita ta wajen shinge cikin bututun roba. Na huɗu shi ne wanda ya fi muhimmanci: dabba tana sabawa da duk abin da ke maimaita kansa, shi ya sa a samfurin da ya biyo baya aka riƙa sauya tsarin ƙyaftawar. A kuma faɗa wa yara gaskiya, wannan maganin naman daji ne. Ɓarawon shanu ba ya tsoron fitila, hasali ma nuna masa wurin za ta yi.

William Kamkwamba na Malawi ya bar makaranta ne bayan yunwar 2001 zuwa 2002, lokacin da iyayensa suka kasa biyan kuɗin shekara, kusan dala 80. A ɗan ɗakin karatu na yankinsu, Wimbe a gundumar Kasungu, ya ga hoton injin iska a bangon wani littafin kimiyya. Yana ɗan shekara 14 ya haɗa nasa. Fankar lagireton tarakta ce cibiya. Fukafukan bututun roba ne da ya tsaga, ya gasa a wuta ya miƙar. Ƙarfen shok ya zama sandar juyi, sai gangar jikin keken mahaifinsa da dayinamon fitilar keke, duk a kan hasumiyar itacen turare mai tsayin kusan mita 5. Abin huda ramuka ƙusa ce da ya soke a totuwar masara yana gasawa a wuta, marfin kwalba kuma ya zama washa, ɗan zoben da ake sa wa a ƙarƙashin noti.

Mutane kan yi mamakin me keke ke yi a can sama. Shi ne zuciyar aikin. Fukafukai a hankali suke juyawa, dayinamo kuwa gudu yake so. A keke irin na gama-gari, faifan feda yana da haƙora kamar 44, na baya 18, wato juyi ɗaya ya zama kusan 2.4. Faɗin taya kusan santimita 70 ne, kan dayinamon da ke gogar ta kusan 2, wato an sake ninkawa sau 35. Idan fukafukai na juyi 60 a minti, dayinamo na yin kusan 5,000, daidai da mai tuƙa keke a gudun kilomita 19 a awa. Wutar da dayinamon keke ke bayarwa mai kai da komo ce, tana kunna ƙwai amma ba ta cajin batir sai an sa dayod ya mayar da ita hanya ɗaya. Da haka ya kunna ƙwayaye huɗu da rediyo biyu a gidansu.

Ki koya wa ɗalibai wannan lissafin, zai raba su da yaudarar kai. Ƙarfin da ke cikin iska, a ma'aunin wat, ana samunsa ne idan aka ninka 0.6 da faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa, sannan a ninka da gudun iska sau uku a jere, gudu × gudu × gudu. Fukafukai masu faɗin mita 2 suna share murabba'in mita 3.14. A iskar mita 5 a sakan, wat 235 ke wucewa. Idan iskar ta ragu zuwa rabi, wat 29 kacal. Idan ta ninka zuwa mita 10, wat 1,884. Kuma babu injin da zai kama fiye da kashi 59 cikin 100 na wannan, iyakar da Bajamushe Albert Betz ya lissafa, na gida kuwa bai kusanci haka ba. Daga nan za a fahimci abu biyu: dalilin da injin ke zama gunki a ranar da iska ta kwanta, da dalilin da guguwar farkon damina ke ɓalle shi idan ba a yi masa hanyar kaucewa ko birki ba. Kamkwamba ya sha fama da sarƙar keke tana zamewa tana tsinkewa har ya koma bel. Da ya ga wayoyin da ba su da rufi na neman tayar da gobara a ɗakin ciyawa, ya ƙera abin yanke wuta da ƙusoshi biyu naɗe da wayar tagulla da maganaɗisun lasifika a tsakiya. Idan wuta ta yi yawa, naɗin ya ja maganaɗisun, layi ya yanke. A ganina wannan ɗan akwatin ya fi hasumiyar nuna basirarsa, ko da yake hasumiyar ake ɗauka a hoto.

Tunda an shiga lissafin ƙarfi, ga misalai biyu da ya kamata kowane alƙalin gasa ya sani. Ann Makosinski, 'yar shekara 15 daga Victoria a Kanada, ƙawarta ce a Filifin ta faɗi jarrabawa saboda babu fitilar karatu da dare. Ta yi tocila mai aiki da ɗumin tafin hannu, ta ci rukunin shekarunta a gasar kimiyya ta Google a 2013. Akwai wasu 'yan fale-falen lantarki, masu sunan Peltier, da ke fitar da wuta idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Ta manna su a jikin bututun alminiyam mai rami, hannu na ɗumama waje, iska na sanyaya ciki. Wutar da ke fita ba ta kai ko kusa da bolt 3 da farar LED ke buƙata ba, sai da ta haɗa ƙaramar taransifoma da da'irar ɗaga wuta. Tocilar ta yi haske sama da minti 20, kuma ta fi haske idan gari ya fi sanyi. To tafin hannu yana wajen digiri 33 ne a ma'aunin Salshiyas. A daren bazara a Sakkwato ko Damagaram, iskar ɗaki kanta tana iya kai haka. Babu bambancin zafi, babu wuta. Ɗalibin da ya kwafo wannan daga intanet zai ga ta ɗan yi aiki da asubar hunturu, ta mutu a watan Afrilu, alhali bai yi kuskuren haɗi ko ɗaya ba.

Na biyun daga Legas ne. A 2012 wasu ɗalibai mata huɗu, 'yan shekara 14 da 15, suka nuna janareta mai aiki da fitsari a wani baje kolin masu ƙirƙira. Abin da ya tunzura su gaskiya ne kuma mai ciwo: hayaƙin janareta na kashe iyalai a cikin barci. Sun raba fitsarin da lantarki don fitar da iskar haidurojin, suka tace ta da ruwa, suka busar da ita, suka tura cikin janareta. Jaridu suka yaɗa cewa lita ɗaya na ba da wutar awa shida. Yanzu a lissafa. Litar fitsari tana ɗauke da sinadarin yuriya kamar giram 20, sauran kusan duk ruwa ne. Giram 60 na yuriya ke ba da giram 6 na haidurojin, don haka giram 20 zai ba da 2. Kowane giram na haidurojin yana da wat-awa 33, jimla 66. Ƙaramin janareta ba ya mayar da ko kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ya ƙona zuwa lantarki, sai a ce an sami wat-awa 13 zuwa 16. Ba a ma cire wutar da aka kashe wajen rabawar ba. Yaran sun haɗa abu mai wuya, kuma raba yuriya ya fi raba ruwa sauƙin wuta, wannan sananne ne a kimiyya. Laifin na manyan da suka yi ta yayatawa ne ba tare da sun tambayi nawa ya shiga, nawa ya fita ba. Duk aikin da ya shafi wuta, ki sa ɗalibi ya auna waɗannan biyun da mita a gabanki.

Wani lokaci kuma abin da aka nema ba shi ake samu ba. A 1856 William Perkin, ɗan shekara 18 a Landan, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar kwal. Hanyar ba za ta taɓa ɓullewa ba, domin a lokacin ana ƙirga ƙwayoyin sinadari ne ba a san yadda suke jeruwa ba. Abin da ya samu baƙin taɓo ne a gindin kwalba. Da ya zuba masa barasar gwaji sai ya ga launin shunayya mai kama siliki. Aikin gaske daga nan ya fara. Rinin ba ya zama a auduga, sai da ya gano a fara jiƙa ta da tanin, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Mahaifinsa ya zuba dukiyarsa suka gina masana'anta a Greenford a 1857. Daga wannan sana'a ce aka kai ga shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1897, wanda ya karya cinikin baba a duniya, har tasirinsa ya iso marinar ƙasar Hausa. Ki hana yara zubar da gwajin da ya lalace kafin su rubuta abin da suka gani.

Maganar rubutu ta kawo mu ga Philo Farnsworth, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro talabijin. Yana ɗan shekara 14 a gonar da ke kusa da Rigby a jihar Idaho, ana cewa layukan da garma ke bari ne suka nuna masa yadda za a yanka hoto layi-layi a aika. Kada a cika ɗora nauyi a kan wannan labari. Yanka hoto layi-layi Paul Nipkow ya riga ya tsara shi tun 1884 da faifai mai ramuka. Sabon abin da yaron ya kawo shi ne a bar faifai mai juyi, a sa maganaɗisu ya riƙa karkatar da kwararar lantarki, wadda ba ta da nauyin da zai hana ta gudu. Ya san haka ne saboda ya karance mujallun kimiyya da ya tsinta a gidan, kuma shi ke gyara janaretan gonar. Ya zana tsarin ga malaminsa na kimiyya, Justin Tolman. Sai 7 ga Satumba 1927, yana da shekara 21, ya aika hoton farko a San Francisco, layi ɗaya miƙaƙƙe. Kyamararsa tana da rauni babba, ba ta tara haske, sai an haska abu da fitilu masu tsananin zafi. Da rigimar mallaka ta tashi tsakaninsa da kamfanin RCA, Tolman ya ba da shaida da zanen da ɗalibinsa ya yi masa. A 1935 ofishin rajista ya ba Farnsworth gaskiya, a 1939 RCA ta amince ta biya dala miliyan 1 don amfani da ƙirƙirarsa.

Saboda haka, Malama, kafin kowa ya taɓa kwali, ki ba su mako biyu su rubuta ayyukan gidansu da ke cin lokaci, kuɗi ko lafiya, tare da awo: jarka nawa ake ɗebowa, minti nawa ake yi, mudu nawa ƙwari ke ɓatawa a buhu, naira nawa gawayi ke ci a mako. Kowa ya zaɓi ɗaya, ya tambayi mai yin aikin me aka taɓa gwadawa. Littafin aikin ya zama mai ɗinki, wanda ba a cire masa shafi, a rubuta da biro, kowane shafi da kwanan wata, zane, kayan da aka saya da farashinsu, awon da aka samu da abin da ya lalace, ke kuma ki sa hannu duk mako. Sai dai ki sani, shaida irin ta Tolman ta yi tasiri ne saboda dokar Amurka ta wancan lokaci, har zuwa 2013, tana duba wanda ya riga ƙirƙira. Dokar Najeriya ta 1970 wanda ya riga shigar da takarda take ba mallaka, na tsawon shekara 20, a ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigarwa. A Nijar, Kamaru da Chadi kuwa ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ke yin rajistar. A duka biyun sai abu yana sabo ake karɓarsa, don haka idan ɗalibi ya fito da wani abu da kike ganin babu irinsa, a shigar da takarda tukuna kafin a ɗora bidiyonsa a Facebook.